Cinikin Algaitar Turawa

Idan mai karatu ya taɓa tsayawa a gaban talabijin ya kalli irin babban taron makaɗan nan na Turai, wanda mutum saba'in ko tamanin ke zaune, wani kuma na tsaye a gabansu yana kaɗa 'yar sanda, to, lalle idonsa ya gifta ta kan wani dogon abu ja-ja a can bayan masu goge. Mai busa shi yakan riƙe shi a karkace kamar maharbi ya rungumi bindiga, kansa ya zarce kan mutumin, wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa kuma ya fito daga jikinsa ya shiga baki. Wannan shi ne Turawan Ingila ke kira basun. Jamusawa suna ce masa Fagott, mutanen Italiya kuma fagotto, kalmar da a bakinsu take nufin ƙunshi, kuma duk wanda ya ga an warware shi gaɓa-gaɓa an jera a akwati zai ce sunan ya dace. Editan wannan mujalla ya sha yi mana faɗa a wurin taro, yana cewa mu riƙa rubuta abin da idonmu ya gani da abin da hannunmu ya taɓa, ba kullum soyayyar Alhaji da 'yar makaranta ba. To, ni abin da hannuna ya taɓa a 'yan shekarun nan shi ne kuɗin jama'a da aka damƙa mini aka ce in sayo wannan abu, ni da ban iya busa ko sarewar kara ba.

Ga yadda abin ya faro. Makarantar kwanan da nake koyarwa tana da ƙungiyar badujala, ni ne kuma malamin da ke lura da ita, watau ni ke riƙe makullin sito da littafin sunaye. Mai koyar da busar da kiɗan wani tsohon soja ne da ya yi ritaya, kowa Baba Saje yake kiransa, daga shugaban makaranta har masu shara. Ya ba shekara saba'in baya. A soja basun ya busa har ya bar aiki, amma tun da ya zo wurinmu bai sami wanda zai taɓa ba, sai begila da ganga da 'yan kilarinet guda uku da suka ga jiya suka ga yau. A farkon 2023 ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta zo taronta na shekara, yara suka yi musu fareti, aka tafa. Da aka tambayi Baba Saje abin da ya rage wa ƙungiyar, bai ce komai ba sai, "Ba mu da ƙasa. Duk muryarmu a sama take kamar taron kanari." Nan take aka yi karo-karo, aka tara naira miliyan biyu da rabi, aka rubuta a takarda cewa basun za a saya da su, ba wani abu ba.

Ma'ajin makaranta, mutumin kirki ne mai tsoron Allah, shi ya fara tare ni. Ya ce, "Malam, ka zauna ka yi lissafi. Wannan kuɗi zai sayi begila ga duk yaron da ke so, a ɗinka musu sababbin kaya, har a sami canjin gyara fatun ganguna. Ku kuwa za ku zuba shi a kan abu ɗaya, wanda yaro ɗaya zai busa." Har yau ban sami inda lissafinsa ya karye ba. Amsar da na ba shi ita ce, begila ko yaushe aka sami kuɗi ana iya sayenta, mai koyar da ita ma ba ya wuya a garin da ke da bariki. Amma mutumin da ya san basun, a iya sanina, ɗaya ne a duk yankinmu, ga shi can yana tafiya da sanda. In muka jira, za mu wayi gari da kuɗin saye ba mai koyarwa. Bai gamsu ba, amma da yake takardar tsofaffin ɗalibai ta ɗaure mu duka, sai ya sa hannu.

Kafin in fara neman dillali, sai da na zauna a gaban Baba Saje kamar ɗan aji ɗaya ya karanta mini yadda abin yake. Basun bututu ne guda mai tsawon wajen mita biyu da rabi, aka naɗe shi biyu don hannu ya iya kaiwa, shi ya sa in an tsayar da shi bai wuce mita ɗaya da ɗan kashi uku ba. Ramin cikinsa yana farawa siriri kamar tsinken tsintsiya mai kauri, yana buɗewa a hankali har ya kai faɗin da yatsu biyu za su shiga. Gaɓoɓin itacensa huɗu ne. Akwai gajeriyar gaɓa da suke kira fiffike, akwai gindi inda ramin ke juyawa ya dawo sama, akwai doguwar gaɓa, sa'an nan kai. Sai ƙugiyar ƙarfen nan da ke zuwa baki, wadda mabusa ke kira bokal, a bakinta kuma ake cusa harshen busa, wanda shi ne tushen sautin duka. Maɓallan ƙarfe da ke jikinsa sun haura ashirin, kuma babban yatsan hagu shi kaɗai yana da tara ko fiye da zai riƙa yawo a kansu. In an ƙidaya do-re-mi har a dawo do a matsayin hawa ɗaya, basun na yin hawa uku da rabi, daga gurnanin da ake ji a ƙirji har zuwa wata siririyar murya mai kama da kukan mutum. Prokofiev na Rasha, a kiɗan da ya tsara wa yara a 1936 kan labarin yaro da kyarkeci, basun ya ba muryar kakan yaron, tsoho mai mita. Stravinsky kuwa da can ƙololuwar muryarsa ya buɗe kiɗan rawar nan tasa da ta tayar da hayaniya a Faris a 1913.

Harshen busar nan shi ya fi ɗaukar mini hankali. Ɓawon kara ne guda biyu aka fere su, aka haɗa fuska da fuska, aka ɗaure da waya da zare. Baba Saje yana da wani tsoho da ya ajiye a gwangwanin ashana tun yana aiki. Na karɓa na kai wa wani dattijo mai busa algaita a fadar garinmu, don in ji abin da zai ce. Ya jujjuya shi, ya jiƙa shi da ruwa ba tare da kowa ya gaya masa ba, ya sa a baki ya hura, abin ya yi ƙara kamar hankaka. Sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ai wannan ɗan'uwanmu ne, ƙiba kawai ya yi a ƙasar Turawa." Gaskiyarsa kuwa, domin algaita da basun da ƙanensa obo duk gida ɗaya ne, gidan masu harshe biyu. Bambancin shi ne, mai algaita yakan jefa harshen gaba ɗaya cikin baki, leɓɓansa su dafe faifan da ke bayansa, ya cika kumatu, sautin ya fita da ƙarfi ɗaya, irin wanda zai ratsa hawan salla. Mai basun da leɓe yake riƙe harshen, shi ya sa yake iya sassauta murya har ta zama raɗa. Wannan ziyara ta yi mini amfani daga baya, a ranar da zan yi wa wani uba bayanin abin da 'yarsa za ta koya.

Abu na farko da ya zo hannunmu ko kwabo ba a nema ba. Wani ya ji labari ya ce ai akwai irin wannan a siton wata tsohuwar makarantar mishan, an yi shekaru ba wanda ya buɗe akwatinsa, in muna so mu ɗauka. Na yi murna, na ce kuɗinmu ya huta. Baba Saje na ɗaga murfin ya girgiza kai. Ya ce wannan na Faransa ne. A nan na san cewa basun iri biyu ne a duniya. Akwai tsarin Jamus, wanda ya samo asali daga masana'antar da Carl Almenräder da Johann Adam Heckel suka kafa a garin Biebrich a 1831, akwai kuma tsarin Faransa, wanda kamfanin Buffet Crampon ya yi suna da shi. Ramin cikinsu ba ɗaya ba ne, jerin maɓallansu ba ɗaya ba ne, yadda ake ɗora yatsu ma daban, harshen busar kowanne kuma da irin firarsa. Na Faransa yana da murya mai daɗi wadda masoyansa ba sa haɗa ta da komai, kuma har yanzu ana busa shi a can ƙasarsa da wasu 'yan wurare. Amma a cikin ƙarni na 20 na Jamus ya mamaye kusan ko'ina, har Ingila da a da na Faransa take bi. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce, littattafan koyo da za mu samu, da harsunan da ake sayarwa, da abin da yatsun Baba Saje suka haddace, duk na Jamus ne. Muka yi godiya muka rufe musu akwatinsu.

Na biyu a intanet na gan shi, sabo fil, yana ƙyalli, kuɗinsa bai kai sulusin abin da ke hannunmu ba, har da alkawarin safar hannu da ƙyallen gogewa kyauta. Babu sunan maƙeri a jikinsa, babu lambar ƙira. Na rubuta wa mai sayarwa na tambaye shi abu uku: wane itace ne, shekara nawa aka bar shi ya bushe, in maɓalli ya karye kuma a ina zan sami madadinsa. Ya amsa mini da cewa kaya ne mai kyau ƙwarai, in gaggauta kafin ya ƙare. Ba na cewa duk abin da ya yi araha banza ne, amma araha ba ta ado, kuma a kayan busa illarta ta fi ta tufafi. In riga ta yage kowa ya ga laifin tela. In basun ya ƙi ba da sautin da ya kamata, yaro ba zai ce laifin maƙeri ba ne, zai ce shi ne bai iya ba, ya ajiye, ya tafi ke nan. Rami ɗaya da aka huda a karkace ya isa ya kori ɗalibin da Allah ya ba baiwa.

Na uku shi ne ya kusa raba ni da Baba Saje. Wani tsohon ɗalibi da ke aiki a Jamus ya samo na hannu, na itace, ƙirar can, a farashin da kuɗinmu zai ɗauka. Da tsohon ya ga hoton a wayata sai da idonsa ya kawo ruwa, ya ce irinsa ya riƙe shekara ashirin da wani abu. Basun na asali da itacen mapul ake yin sa, bishiyar nan da ganyenta ke jikin tutar Kanada, kuma maƙeran kirki sukan ajiye katakon ya yi shekaru yana shan iska kafin su sa masa ƙarfe. Mapul itace ne mai sauƙin nauyi, mai ba da murya mai taushi, amma ba ya shiri da ruwa. Numfashin mai busa kuwa tururi ne, yana shiga ya zama ruwa ya gangara ya taru a gindi. Shi ya sa ake shafe cikin fiffike da ɓangare ɗaya na gindin da roba mai tauri, ɗaya ɓangaren kuwa itace ne tsirara. In mai shi malalaci ne, ba ya zubar da ruwan ya goge bayan busa, ko yana kwantar da shi a kan kujera, ruwan zai tsallaka ya riƙa cin itacen a ɓoye. Baba Saje da kansa ya ce a gaya wa yaron nan ya zare hular ƙarfen da ke ƙasan gindin, ya kwance lanƙwasasshen bututun da ke ciki, ya ɗauko mana hoto. Hoton ya zo. Bakin ramin ya yi baƙi, ya ce da ya danna da farce sai ya ji ya lotsa. Tsohon ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya miƙo mini wayar ya ce, "Doki ne mai kyau, Malam, amma ƙafar ta tafi."

Ana iya gyara irin wannan ruɓa, amma a can, a hannun wanda aikinsa ke nan, da kuɗin da ya kusa rabin na sayen. Wannan ya jawo ni ga tambayar da tun farko ya kamata duk mai sayen irin wannan kaya a ƙasarmu ya yi wa kansa, watau ranar da ya lalace wa zai taɓa shi. Sa'an nan ga yanayi. Itacen da aka busar don ya zauna a ɗakin da ba ya zafi ba ya sanyi, mu za mu kawo shi inda hunturu ke tsage leɓe da diddige, ƙofar katako ta saki, damina ta zo ta kumbura ta ƙi rufuwa. Abin da ke samun ƙofa shi zai sami basun. A watan Janairu mahaɗan gaɓoɓi su yi sako-sako, sandunan maɓallai su cije saboda itacen ya tsuke a ƙarƙashinsu, a watan Agusta kuma a rasa mai ƙarfin da zai zare doguwar gaɓa daga gindi. Ƙwararren da kayan nasa ne zai yi ta lallaɓa shi kamar jinjiri. Kayan makaranta kuwa kayan kowa ne, yau a hannun mai hankali, gobe a hannun wanda zai jingina shi a bango ya tafi ƙwallo.

Saboda haka na kawo shawarar na roba. Kamfanin Fox, wanda Hugo Fox, tsohon babban mai busa basun na taron makaɗan Chicago, ya kafa a 1949 a wani ɗan ƙaramin gari a jihar Indiyana ta Amurka, ya daɗe yana yin basun da wata roba mai suna folifirofilin, musamman don makarantu da masu fareti a fili, kuma yana sa wa na ɗalibai sunan Renard. Ruwa ba ya ruɓar da ita, hunturu ba ya tsotse ta. Baba Saje ya tambaye ni wace irin roba ce. Na ce danginta ne ake yin kujerun biki da bokiti. Ya ce, "To, Malam, sai ka nemo mai koyar da busa bokiti." Ya ɗauki sandarsa ya tafi, kwana huɗu bai zo ba.

Kada mai karatu ya ga kamar taurin kan tsufa ne kawai. A duniyar ƙwararru maganarsa ce daidai. Wanda busa ce sana'arsa, yana zaune a tsakiyar mutum tamanin, ana biyansa don ɗanɗanon muryarsa, ba ya kallon roba. Irinsu sukan ba da sunansu a kamfanin Heckel su yi shekaru suna jiran layi ya zo kansu, ko su nemi ƙirar Püchner ko Moosmann a Jamus, ko manyan ƙirar Fox, ko Yamaha ta Japan, a kuɗin da ya haura dala 30,000, na Heckel ma ya fi haka nesa. Wasunsu sun fi son tsofaffin Heckel da aka ƙera kafin yaƙin duniya na biyu a kan sababbi, da tsohuwar zuma dai ake magani. Kuma ba sa cinikin biri a sama. Dillali yakan aiko musu da biyu ko uku su riƙe na 'yan kwanaki, su shiga zauren da suke aiki su busa, abokan aiki su zauna a can kujerun baya su saurara, domin abin da mai busa ke ji a kunnensa ba shi ne ke isa ga mai sauraro ba. Bayan an zaɓi jikin, sai a koma zaɓen ƙugiya, a gwada goma ko ashirin, don ita kaɗai tana iya canza halin kayan gaba ɗaya, mai kyau kuma takan kai dala 1,000. Wannan duk gaskiya ne. Sai dai mu ba muryar da za ta cika zaure a Balin muke nema ba. Muna neman abin da zai ba da do in an danna do, yau da gobe da shekara goma masu zuwa, a hannun 'yan shekara goma sha uku.

Abin da ya dawo da Baba Saje ba hujjata ba ce, hannun wata yarinya ne. A cikin masu busa kilarinet akwai wata 'yar aji biyu, ƙaramar halitta, wadda tun tuni ya ce ita ce mai kunne a cikinsu, in wani ya kauce ko da kaɗan sai ka ga ta yamutsa fuska. Ita yake so ya fara koya wa. A rana ta biyar ya zo da sandar tsintsiya da ya yi wa alamu da alli daidai inda ramukan basun suke, ya ce ta ɗora yatsu. Yatsanta na kusa da ƙarami a hannun hagu ya kasa kai wa alama ta uku sai ta murɗe wuyan hannu. Ko da yake maƙera sukan huda ramukan fiffike a karkace don su matso kusa da juna a waje, duk da haka tazarar ta babba ce. Na nuna masa cewa a cikin na robar akwai wanda aka yi don masu gajerun yatsu, an sa maɓalli ya rufe wannan rami na uku, an kuma matso da wasu maɓallan. Ya tambaya ko ƙato zai iya busa shi in ita ta gama ta tafi. Aka ce zai iya. Ya yi shiru, can ya ce, "A kawo bokitin."

Saura uban yarinya. Ɗan kasuwa ne, ya zo ranar ziyara, na tare shi a gindin darbejiya na yi masa bayani. Da ya ji na ce dangin algaita ne sai ya ɓata rai, ya ce, "Malam, ni karatu na kawo ta, ban kawo ta ta zama maroƙiya ba." Na san inda maganar ta fito, duk mun sani. A wurinmu kiɗa da busa gado ne na wasu gidaje, muna son su a ranar biki, ba ma son su a zuriya. Na ce, "Alhaji, ba wanda za ta bi tana busa wa don ya ba ta kuɗi. Darasi ne da ake rubuta jarrabawarsa kamar lissafi, a takarda ake karanta shi, bayan la'asar za ta riƙa yi, sau uku a mako, a gaban dattijon da ya yi jika da ita." Ya ce in makinta na lissafi ya sauka ko da ɗaya ne, magana ta ƙare. Na ce na yarda. Ita ma da aka kira ta ta durƙusa ta ce ta yarda.

Duk wannan kai da kawowa ya ci mana watanni, kuɗin kuwa yana banki yana narkewa kamar ƙanƙara. Lokacin da aka tara shi dala tana wajen naira 750 a wurin 'yan canji. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin ƙarshen Oktoba dala ta haura 1,000. Sabon Renard tun farko ya fi ƙarfinmu, domin ko na ɗalibai ya wuce dala 5,000, na hannun da muke hari ma ya fara tsere mana. Wani tsohon ɗalibi da ke zaune a Amurka shi ya cika gibin daga aljihunsa, shi ne kuma ya je wani shagon gyaran kayan busa na makarantu ya zama idonmu. Muka yi kiran bidiyo da dare. Baba Saje ya sa tabarau ya riƙa ba da umarni ina fassarawa. Ya ce a ɗauki kowace gaɓa ita kaɗai, a toshe ramukanta da ƙarshenta, a zuƙe iskar ciki da baki, in ta riƙe har ta yi ƙara wajen saki to fatun da ke toshe ramuka lafiya suke. Ya ce a ɗaga ƙugiya a haske a duba ko ta taɓa lanƙwashewa aka miƙe ta, ko akwai tsaga a jikinta. Ya ce a girgiza kowane maɓalli a ji ko yana wasa. Sa'an nan ya sa mai gyaran ya busa daga can ƙasa har sama, sannu a hankali, sau biyu, shi kuma ya kanga kunne a wayar ya rufe ido.

Abu ɗaya ya dage a kansa wanda mai shagon ya yi mamaki. Ya ce a haɗo mana da doguwar ƙugiya. Ƙugiyoyin lamba gare su, yawanci ɗaya da biyu ake bayarwa, kuma iya girman lamba iya tsawo, iya tsawo kuma iya saukar sauti. Shi ya ce biyu da uku yake so. Dalilinsa shi ne, kayan busa sautinsu hawa yake yi in iska ta yi zafi, an kuma auna su ne a ɗaki mai sanyin da bai wuce digiri ashirin da 'yan kai ba. Mu kuwa da ƙarfe huɗu na yamma muke atisaye, a watan Afrilu, ma'auni na neman arba'in. Wannan ba a rubuce yake a takardar talla ba, fareti a rana ne ya koya masa.

Basun ya iso a cikin kayan wani mai dawowa hutun ƙarshen shekara, baƙi ne, ba ja ba, da 'yan ƙuje-ƙuje a jikinsa da lambar wata makaranta da aka kankare. A ranar na gane cewa ciniki bai ƙare ba, domin harshen busa ba ya daɗewa. Da wani irin kara ake yin sa wanda mafi shahararsa a kudancin Faransa ake nomawa, kuma a bakin ɗalibi in ya yi wata ɗaya ya yi ƙoƙari, in bai haɗu da haƙori ko bango ba tun a makon farko. Kowane ɗaya kuɗinsa ya kai dala ashirin ko kusa da haka, ba a kuma sayar da shi a kasuwar garinmu. Ƙwararru da kansu suke fere nasu da wuƙa, rabin rayuwarsu a nan take tafiya. Mu guda goma sha biyu aka haɗo mana da su, da ɗaya na roba ƙirar Légère ta Kanada, mai tsada amma mai jure watanni, wanda muka ajiye don ranar fareti. Na koma wurin ma'aji da kaina na roƙi a buɗe wa harsuna layi a kasafin kowane zango. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Ya rubuta.

Yarinyar ta yi mako uku kafin ta fitar da sautin da ba ya sa 'yan begila dariya. Yanzu ita ke riƙe ƙasan taken ƙasa a taron safe, makinta na lissafi kuma ina kai wa Alhaji da hannuna a ƙarshen kowane zango. An ƙara yaro ɗaya ɗan aji ɗaya, kowannensu da harshensa a gwangwaninsa, jikin basun ne kawai suke karɓa-karɓa. Akwatin yana kwana a kabad ɗin laburare, nesa da taga, an kuma liƙa takarda a murfinsa cewa ba a rufe shi sai an zubar da ruwan gindi an zura ƙyalle. Baba Saje har gobe bokiti yake kiransa, yana cewa ba shi da ƙanshi. Amma ran Asabar da hantsi, lokacin da yara ke wanki, yakan aiko a karɓi makulli a wurina, sai wajen azahar ake dawo da shi.